Inda wariya ke ɓuya a makarantun gwamnati na Amurka

A ranar 17 ga Mayu, 1954, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Brown cewa raba makarantun yara bisa launin fata ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Daga ranar doka ta daina cewa ga makarantar farare ga ta baƙaƙe. Aiwatarwa kuwa sai da aka kai ruwa rana. A 1957 Shugaba Eisenhower ya tura sojoji don su raka ɗalibai tara baƙar fata zuwa wata sakandare ta farare a birnin Little Rock. A gundumar Prince Edward ta jihar Bajiniya, hukumomi sun gwammace su rufe makarantun gwamnati gaba ɗaya daga 1959 zuwa 1964 da su haɗa yara a aji ɗaya. Yau shekara saba'in da 'yan kai, ba wata makarantar gwamnati da ke rubuta wariya a takardunta, amma yaro baƙar fata ko ɗan asalin Latin Amurka ya fi takwaransa farar fata shiga makaranta mai fama da talauci, ya fi shi shan dakatarwa, kuma bai kai shi samun gurbi a ajin haziƙai ba. Wariyar ta koma cikin ayyukan yau da kullum: yadda ake raba kuɗi, wanda ake miƙa sunansa, wanda ake aikawa ofishin shugaban makaranta. Duk mai son gyara, waɗannan ƙofofin zai bi ɗaya bayan ɗaya.

Kuɗi ne ƙofar farko, kuma ita ce ta fi wuyar turawa. Amurka na da gundumomin makarantu kusan 13,000, kowace da iyakarta da hukumarta. Gwamnatin tarayya ba ta cika ba da abin da ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuɗin makarantu ba. Sauran jihohi da ƙananan hukumomi ne ke rabawa kusan daidai, kuma kason ƙananan hukumomin akasarinsa daga harajin gidaje da filaye yake fitowa. Ke nan darajar gidajen unguwa ce ke fassara kanta zuwa albashin malami da ɗakin gwaje-gwaje. Shari'ar Rodriguez ta 1973 ta nuna abin a fili da alƙaluma. Gundumar Edgewood da ke San Antonio a Tekzas, wadda kusan kashi 90 cikin 100 na ɗalibanta 'yan asalin Meziko ne, tana karɓar harajin dala 1.05 a kan kowace dala 100 ta darajar kadara, amma abin da take samu bai wuce dala 26 kan kowane ɗalibi ba. Gundumar Alamo Heights ta masu hali, ita ma a yankin San Antonio, tana karɓar senti 85 kacal, tana samun dala 333. Talakan ya fi matsa wa kansa, ya fi tashi da hannu wofi. Da aka haɗa da tallafin jiha da na tarayya, sai ya zama dala 356 a Edgewood, 594 a Alamo Heights. Kotu, da rinjayen alƙalai biyar kan huɗu, ta ce tsarin bai saɓa wa kundin tarayya ba.

Shekara ɗaya bayan nan, a shari'ar Milliken ta birnin Detroit, kotun ta sake yanke cewa ba za a tilasta kwasar yara a motocin makaranta tsakanin birni da gundumomin kewayensa don haɗa farare da baƙaƙe ba, sai in an tabbatar su ma gundumomin kewayen suna da hannu a wariyar. Waɗannan hukunce-hukunce biyu su suka mai da layin iyakar gunduma katanga. Kuma ba haka kawai unguwannin suka rabu ba. Tun shekarun 1930 wata hukumar tarayya ta zana taswirorin birane tana shafa jan launi a unguwannin baƙaƙe a matsayin wuraren da ba da bashin gida ke da haɗari, kuma shekara da shekaru jari yana ƙaurace wa irin waɗannan unguwanni. Gidan da bai yi daraja ba a lokacin kaka, shi ne harajin da bai isa ba a lokacin jika.

An daɗe ana gardama ko ƙarin kuɗi na canja wani abu. Binciken da Kirabo Jackson da Rucker Johnson da Claudia Persico suka wallafa a 2016 ya bi rayuwar yaran da kotunan jihohi suka tilasta a ƙara wa makarantunsu kuɗi. Sun gano cewa ƙarin kashi 10 cikin 100 a kan kowane ɗalibi, tsawon shekara 12 na karatu, ya ƙara wa 'ya'yan talakawa kusan rabin shekara ta ilimi, ya ɗaga abin da suke samu bayan sun girma da kusan kashi 10 cikin 100. A ganina wannan ya isa ya kashe maganar cewa matsalar ba ta kuɗi ba ce.

Abin da ya rage shi ne yadda za a raba. A nan ne daidaito da adalci suke rabuwa hanya. Daidaito shi ne kowane yaro a ware masa adadi ɗaya. Adalci shi ne a auna nauyin da ke kan kowanne. Kalifoniya ta sauya tsarinta a 2013 a kan wannan tunani. Kowane ɗalibi na da kuɗin tushe. In ɗan talaka ne, ko mai koyon Turanci, ko yaron da ke hannun riƙon hukuma, ana ƙara kashi 20 cikin 100 a kansa. In irin waɗannan yara sun haura kashi 55 cikin 100 na ɗaliban gunduma, waɗanda suka haura wannan layin ana ƙara musu wani kaso mai tsoka, wanda ya fara da kashi 50 daga baya aka kai shi 65. Hikimar ita ce talauci idan ya taru wuri ɗaya nauyinsa ya fi jimillarsa: ajin da yara uku suke zuwa da yunwa daban yake da ajin da ashirin suke zuwa da ita.

Sai dai kuɗin kan shiga gunduma ya ɓata hanya kafin ya isa makarantar da aka yi niyya. Babbar ɓarakar tana cikin lissafin albashi. Gundumomi da yawa sun saba yi wa makarantu kasafi da matsakaicin albashin malami, ba ainihin abin da ake biya ba. Tsofaffin malamai masu ƙwarewa, waɗanda albashinsu ya fi yawa, suna da damar neman canjin wurin aiki, kuma sukan koma makarantun unguwannin masu hali. Sababbin shiga ake turawa makarantun talakawa. A takarda makarantu biyu masu malamai 30 kowace kasafinsu ɗaya ne, a aljihu kuwa ɗaya na iya fin ɗaya da dubban ɗaruruwan daloli a shekara. Dokar ilimi ta tarayya ta 2015 ta wajabta a riƙa wallafa ainihin abin da aka kashe kan ɗalibi makaranta bayan makaranta. Duk iyayen da ke son sanin gaskiyar gundumarsu, wannan takardar za su fara nema, su jera ta kusa da yawan 'ya'yan talakawa da yawan malaman da ba su kai shekara uku a aiki ba.

Cikin makarantar kanta akwai wata ƙofa da ba a cika lura da ita ba: wane ne ake gwadawa don shiga ajin haziƙai? A al'ada malami ne ke miƙa suna, ko iyaye su nema. Iyayen da suka san tsarin sukan nema, wasu ma su biya masanin halayyar ɗan'adam mai zaman kansa ya yi wa ɗansu gwaji. Uwar da ke aikin dare, ko wadda ba ta jin Turanci, sau da yawa ba ta ma san ajin yana nan ba. Malami kuma, ba tare da mugun nufi ba, yakan ga hazaƙa a yaron da ke magana irin tasa. A 2005 gundumar Broward ta jihar Fulorida ta daina jiran a miƙa suna, ta fara yi wa duk 'yan aji biyu na firamare gajeren gwaji na siffofi da zane wanda ba ya buƙatar iya Turanci. Wanda ya ci maki mai kyau sai a tura shi cikakken gwajin basira. David Card da Laura Giuliano sun yi nazarin sakamakon, suka ga yawan yara baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka da 'ya'yan talakawa da aka gano ya yi tsalle sosai. Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne, da yawa daga cikin sababbin ba da ƙyar suka tsallake ba, makinsu ya yi sama ƙwarai. Suna zaune a ajin tun farko, ba wanda ya kira sunansu. Da matsin tattalin arziƙi ya zo aka rage kuɗin shirin, adadin ya sake faɗuwa.

Darasin lissafi ma haka yake, kuma a nan an ga hanyoyi biyu, ɗaya ta ɓille ɗaya ta toshe. Yaron da ya ɗauki aljabara a aji takwas (a can ana ƙirga azuzuwa a jere daga ɗaya zuwa goma sha biyu) yana da lokacin kaiwa ga lissafi mai zurfi kafin ya gama sakandare, abin da jami'o'i ke dubawa. Ganin cewa farare da 'yan asalin Asiya ne suka cika ajin, sai San Francisco ta yanke a 2014 cewa ba wanda zai ɗauki aljabara sai aji tara. Niyya mai kyau ce, amma masu hali suka biya wa 'ya'yansu darasin bazara da na intanet suka ci gaba da tafiyarsu, ɗan talaka ne ya rasa hanya. Giɓin shiga manyan darussa bai rufe ba, kuma a 2024 aka fara janye tsarin. Jihar Karolina ta Arewa ta bi ta wata hanya da dokar 2018: duk ɗalibin da ya sami matakin ƙoli a jarrabawar lissafi ta ƙarshen shekara, kai tsaye za a sa shi a ajin gaba, sai in iyayensa ne suka rubuta cewa ba sa so. Tekzas ta yi makamanciyar doka a 2023 ga kashi 40 cikin 100 na sama a jarrabawar aji biyar. Ba a rage wa kowa komai ba, an dai cire buƙatar wani babba ya tuna da yaro. Amma dole a haɗa da tallafi, kamar ƙarin darasi a ƙananan rukuni na yara uku ko huɗu sau uku a mako, da isassun malaman lissafi, in ba haka ba an tura yaro rafi ba a koya masa iyo ba.

Horo shi ne inda alƙaluma suka fi zafi. Rahoton ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar Amurka na 2018 ya nuna baƙaƙe su ne kashi 15.5 cikin 100 na ɗaliban makarantun gwamnati, amma su ne kusan kashi 39 cikin 100 na waɗanda aka dakatar. Giɓin ya bayyana a makarantun talakawa da na masu hali, har a ajin renon yara. Mutane kan yi saurin cewa ai ƙila su suka fi yin laifi. Binciken Russell Skiba da abokan aikinsa na 2002 ya duba dalilan da malamai ke rubutawa a takardar aika yaro ofis. Farare an fi aika su don abin da ido ke gani: shan taba, fita ba izini, ɓarnata kaya, ashar. Baƙaƙe an fi aika su don abin da sai an fassara: rashin kunya, yawan surutu, barazana, zaman banza a baranda. Taba ko dai an sha ko ba a sha ba. Rashin kunya kuwa a idon mai kallo yake. Yaro biyu su yi tambaya ɗaya da murya ɗaya, a ce wannan mai ƙarfin hali ne, wancan fitsararre.

Shi ya sa gyaran da ya fi tasiri yake farawa daga kundin dokokin makaranta. Gundumar Los Angeles ta haramta dakatar da yaro saboda taurin kai kawai a 2013, jihar Kalifoniya ta bi sahu a ƙananan azuzuwa a 2014, ta yi ta faɗaɗawa har ta haɗa da sakandare da dokar 2023. Aikin a aikace shi ne a ɗauki kowane laifi a kundin a tambaya: mutum biyu da suka ga abin za su yarda ya faru? In amsar a'a ce, a sake rubuta shi da aikin da ake iya gani, a kuma fayyace matakan da malami zai bi a aji kafin ya aika yaro waje.

Sannan a yi lissafi kowane wata, ba a jira ƙarshen shekara ba. Lissafin ba shi da wuya. A ce makaranta tana da ɗalibai baƙaƙe 200, an dakatar da 30, wato kashi 15 cikin 100. Sauran ɗalibai 600 ne, an dakatar da 30 su ma, wato kashi 5. A raba 15 da 5, an sami 3: yaro baƙar fata ya ninka sauran sau uku wajen fuskantar dakatarwa, alhali wanda ya kalli jimilla kawai zai ce 30 da 30 ne, ba komai. Daga nan sai a tsattsaga: wane laifi, wane lokaci na rana, wane wuri, wane aji. Sau da yawa sai a tarar malamai 'yan ƙalilan ne ke rubuta kaso mai yawa na takardun, ko kuma rikicin yana taruwa a baranda bayan cin abincin rana. Na farko yana buƙatar ƙwararren malami ya zauna a ajin ya taimaka, na biyu yana buƙatar a canja jadawali da wurin tsayuwar ma'aikata. A ƙaramar makaranta kuma a yi hattara: in rukuni bai kai yara 30 ba, yaro ɗaya ko biyu na iya juya adadin, don haka gara a haɗa alƙaluman shekara uku.

Abin da gundumomi suka fi so su saya shi ne taron bita na yini ɗaya kan son zuciyar da mutum bai san yana da shi ba. Yana da arha, ana iya ɗaukar hotonsa, ana iya rubuta shi a rahoto. Babban nazarin da Patrick Forscher da abokan aikinsa suka fitar a 2019, wanda ya tattara gwaje-gwaje kusan 500, ya nuna ko da makin mutum a ma'aunin son zuciya ya ɗan sauya, hakan ba ya nufin halinsa a aikace zai sauya. Wani abu mai sauƙi ya fi shi amfani. A 2016 Jason Okonofua da abokan aikinsa sun ba malaman lissafi na ƙananan sakandare biyar gajeren darasi ta intanet, ba a zarge su da komai ba, an dai nemi su yi tunani su rubuta yadda suke riƙe alaƙa da yaro a lokacin da ya yi kuskure. Dakatar da ɗalibansu ta sauka daga kashi 9.6 zuwa 4.8 cikin 100. Malamin da aka kira abokin gyara ya fi motsi a kan wanda aka zaunar a kujerar tuhuma.

Tsarin sulhu, inda ake zaunar da wanda ya yi laifi da wanda aka yi wa da mai shiga tsakani, shi ma ba maganin komai ba ne. Gwajin da cibiyar bincike ta RAND ta yi a birnin Pittsburgh ya nuna kwanakin da ake rasawa ta dakatarwa sun ragu, amma sakamakon karatu a azuzuwa shida zuwa takwas ya ja baya. Inda aka hana dakatarwa ba a ɗauki mai ba da shawara ba, ba a ware ɗaki da ma'aikacin da zai karɓi yaron da ya fusata ba, malami ne ake bari da aji a hargitse, kuma yaran da ke asarar darasin yawanci 'yan'uwan wanda aka so a kare ne.

Harshe da nakasa suna da dokokinsu. Shari'ar Lau ta 1974, kan yara kusan 1,800 'yan asalin Sin a San Francisco, ta tabbatar cewa ba yaro littafi da malami irin na kowa a harshen da ba ya ji ba daidaito ba ne. Dokar 1975 ta ba yara masu nakasa haƙƙin karatu kyauta, da tsarin koyarwa na ƙashin kansu a rubuce, kuma tare da sauran yara gwargwadon iko. Shari'ar Plyler ta 1982 ta hana korar yaro don ba shi da takardun zama. Haɗarin a nan ta fuska biyu yake zuwa: a laƙaba wa yaro taɓin hankali ko matsalar ɗabi'a alhali Turanci ne bai gama kamawa ba, ko kuma a ƙi gwada mai ainihin matsalar karatu ana cewa ai harshe ne. Gwaji a harshen gida da tafinta ƙwararre, ba yayan yaron ba, su ke raba biyun. Gundumar da aka samu da giɓin launin fata mai yawa a wannan fanni doka ta tilasta mata ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin tarayya na masu buƙata ta musamman don tallafa wa yara tun da wuri.

Su wa ke tsaye gaban allo? Kusan kashi 80 cikin 100 na malaman makarantun gwamnati farare ne, alhali farare ba su kai rabin ɗalibai ba. Wannan ma yana da tarihi: an ƙiyasta malamai baƙaƙe kusan 38,000 sun rasa aiki a shekaru goman da suka biyo bayan shari'ar Brown, domin makarantun baƙaƙe aka rufe, yaran aka kwasa, malamansu aka bari. Binciken Seth Gershenson da abokan aikinsa a Karolina ta Arewa ya nuna yaro namiji baƙar fata daga gidan talakawa, in ya sami malami baƙar fata ko da ɗaya tsakanin aji uku zuwa biyar, yiwuwar ya bar sakandare tana raguwa da kusan kashi 39 cikin 100. Ɗaukar irin waɗannan malamai ya fi riƙe su sauƙi. Akan tura su makarantun da suka fi wahala, a ɗora musu horon duk wani yaro mai rigima da tafinta da zaman kowane kwamiti, ba ƙarin albashi. Shirye-shiryen da ke biya wa mataimakan malamai na unguwar kuɗin karatu har su sami lasisi sun fi ɗorewa, don waɗannan mutane ba baƙi ba ne a wurin.

Yanayin doka ya ƙara tsauri. Tun 2007 Kotun Ƙoli ta taƙaita amfani da launin fatar ɗalibi wajen raba gurabe a shari'ar Seattle da Louisville, a 2023 ta hana hakan a shiga jami'a, kuma jihohi da dama sun kafa dokokin da suka taƙaita yadda ake koyar da batun launin fata. Sai dai yawancin matakan da ke aiki ba sa tambayar launin kowa: gwada dukkan yara, shigar da su ajin gaba kai tsaye, ƙarin kuɗi bisa talauci, fayyace laifuffuka. Launin fata a wajen awo yake shigowa, don a ga ko gyaran ya kama.

Awon ma ana iya yi masa wayo. Da zarar an ce za a auna shugaban makaranta da yawan dakatarwa, sai adadin ya faɗi cikin zango ɗaya, kowa ya yi murna. A bincika sosai sai a tarar ana buga wa uwa waya da hantsi ta zo ta ɗauki ɗanta ba tare da an rubuta komai ba, ko an mai da yaro rabin yini, ko an ajiye shi a wani ɗaki da takardar aiki ba malami, ko an lallashi iyaye su mai da shi makarantar 'yan gyara hali. Don haka mai duba gunduma ba ya tsayawa a adadin dakatarwa. Yana buɗe littafin sa hannun fita da wuri da ke teburin sakatariya, ya ƙirga sunayen da ke maimaituwa, ya duba yawan canjin makaranta a tsakiyar shekara da kiran 'yan sanda, sannan ya lissafa sa'o'in darasin da kowane rukuni na yara ya rasa, ko da wane suna aka kira fitar.